Jirgin Manong Santoy Mai Kujera Biyu

Tagar ɗakin girkina tana kallon titin jirgin sama tun daga farkonsa har ƙarshensa, shi ya sa babu abin da ya taɓa faruwa a filin nan ban gani ba, ko ina so ko ba na so. Ni ce Saling mai abinci. Tun filin yana na jiragen feshin rake kaɗai nake sayar da miyar taliya da kofi a gefen rumfar jirage, har aka zo aka fara koyar da tuƙi, 'ya'yan masu hali suka riƙa zuwa daga birnin Bacolod da farar riga da baƙin tabarau. Na ciyar da matuƙa da yawa. Wasunsu yanzu suna can suna jan manyan jirage zuwa ƙasashen da ban san sunansu ba, sun manta da ni, ni ma ban riƙe su a rai ba. Wanda ya tsaya min a rai shi ne Crisanto Magbanua, wanda kowa ke kira Manong Santoy, don a wurinmu Manong ake ce wa babba namiji, mace kuma Manang. Ko yau in na tuna shi sai in ji fuskata ta ɗau zafi, kamar ni ce na yi abin.

Ɗan mai saran rake ne, a gonar da ke bayan filin aka haife shi. Yana ƙarami shi ake ba tuta ya tsaya a bakin gona don mai feshi ya san layin da zai bi, jirgi ya wuce ta kansa ya bar shi da ɗacin magani a baki. Da wani ne da ya tashi da tsanar jirgi, shi kuwa sai ya ƙwallafa rai a kansa. Da ya girma aikin teku ya samu. Ya shiga jirgin ruwan dakon kaya yana goge mai a ɗakin inji, ya yi ta hawa a hankali har ya zama babban injiniya. Kusan duk ƙarfinsa a can ƙasan jirgi ya ƙare, inda ba a ganin rana. Matarsa Epifania, Manang Pening, ita ta riƙe gida. Ta gina musu ɗan madaidaicin bene kusa da coci, ta tsaya a kan karatun yara har suka gama suka watse Manila. Mace ce marar hayaniya, irin wadda in ta shigo wuri sai ka ga an gyara zama ba tare da ta ce uffan ba.

Da ya ajiye aiki, kowa ya zaci motar haya zai saya ko ya buɗe shagon shinkafa, kamar yadda tsofaffin ma'aikatan teku suke yi. Sai ga shi da tsohon jirgi a bayan tirela, an cire fukafukan an ɗaure su a gefe kamar kazar da za a kai kasuwa. Ɗan ƙaramin abu ne, kujera biyu kacal, kafaɗa na gogar kafaɗa. Da hannunsa ya kwance injin ya mayar, shi da makanikin fili. Ya yi masa fenti ruwan ɗorawa, ya sa aka rubuta EPIFANIA a hancinsa da ja. Ranar da fada, limamin cocinmu, ya zo ya yayyafa masa ruwan albarka, Manang Pening ta tsaya tana kallon sunanta, ta rufe baki da hankici.

"Yaushe za ka ɗauke ni?" ta tambaye shi.

"Bari in samu lasisi," in ji shi. "Ke ce fasinjata ta farko. Ko gwamna ne ya zo sai ya bi layi."

Malamarsa ita ce Loida Sumagaysay, 'yar garinmu, sa'ar 'yarsa ta tsakiya. Siririya ce marar yawan dariya, tana koyarwa ne kafin wani kamfani ya ɗauke ta. A ƙasa Inday yake kiranta, kamar yadda ake kiran kowace yarinya, amma a sama ita ce babba, in ta daka masa tsawa sai dai ya ce to. Ta sha faɗa min ba ta taɓa samun ɗalibi mai taushin hannu irinsa ba.

"Manang Saling, tsohon nan in ya sauke jirgi, ko kofi kika ɗora a cinya ba zai zube ba."

A filinmu akwai al'ada. Ranar da ɗalibi zai tashi shi kaɗai karo na farko, ba a gaya masa. Malami zai zagaya da shi kamar kullum, su sauka, sai kawai ya buɗe ƙofa ya fita ya ce je ka. Amma ana raɗa wa iyalinsa. Su zo tun da sassafe su shige rumfar jirage a ja ƙofa, kowa da bokitinsa cike da ruwa, don kada ɗalibi ya hango su hankalinsa ya rabu. In ya sauka ya kashe inji, sai a banko ƙofa a yi masa wanka, daga nan ya shiga sahun matuƙa. Ƙofar ta ƙarfe ce, ba ta da taga. Wanda ke ciki da kunne kawai yake bin abin da ke faruwa a waje.

Ranar Manong Santoy ta faɗo wata Asabar, lokacin da rake ya fi mutum tsayi. 'Ya'yansa sun zo daga Manila takanas. Fada ya zo, abokansa na teku sun zo, an ɓoye gasasshen alade a bayan gangunan mai. Manang Pening ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, ta zaɓi bokitin da ya fi kowanne girma. Ni ban shiga rumfa ba saboda tukunyata tana kan wuta.

Na ga shi da Loida sun zagaya sun sauka. Na ga jirgin ya tsaya can ƙarshen titi, Loida ta fito ta rufe ƙofa, ta bubbuga fiffike, ta koma gindin rake da 'yar rediyonta a hannu. Jirgin ya juyo. Inji ya ɗau ƙara, ya taho a guje, hancinsa ya fara ɗagawa, har na ajiye ludayi zan yi tafi. Sai ƙarar ta mutu. Ya taka birki, ya juya a hankali ya koma inda ya fito. Ya sake tahowa, ya sake tsayawa. A na ƙarshe saura ƙiris ya faɗa lambatun da ke bakin gona. Jirgin bai bar ƙasa ba.

Ya daɗe a tsaye a can, farfela na juyawa. Daga nan ya kamo hanyar rumfa, don nan ne ma'ajiyar jirgi, bai san da kowa a ciki ba. Sai a lokacin gabana ya faɗi. A kunnen wanda ke bayan ƙofar ƙarfe, ƙara ce ta taso, ta yi nisa, ta dawo, ta sake tasowa, daidai yadda jirgi mai zagaye yake yi. Na hango Loida ta taho da gudu daga can ƙarshen titi tana kaɗa hannu. Ni ma na fito da gudu. Babu wadda ta isa kafin ya kashe inji.

Aka banko ƙofa.

"Kyaftin! Kyaftin Santoy!"

Ƙafarsa ɗaya ce a ƙasa lokacin da bokitin Manang Pening ya same shi a ka. Sauran suka biyo baya, yara na ihu, fada na dariya yana ɗage rigarsa kada ta jiƙe. Manong Santoy ya tsaya tsuru-tsuru, ruwa na bin gashin bakinsa. Matarsa ta ciro hankici tana goge masa fuska, ita kanta hawaye take yi.

"Duk na ji ka, Santoy," ta ce. "Tun da ka tashi nake addu'a har ka sauka."

Loida ta iso tana haki, baki buɗe, maganar tana kan harshenta. Ya dube ta. Ban taɓa ganin babba ya roƙi yarinya da ido irin haka ba. Ta rufe bakinta. A al'ada malami ne ke zuba bokiti na ƙarshe, don haka wani ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juye shi a ƙafafunsa maimakon kansa, babu kuma wanda ya lura sai ni. A wurinmu ba a kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa da fadan garinsu, ko da me ya yi. Aka yanka alade aka ci. Ni ko loma ɗaya ban ci ba.

Ranar Talata ya dawo, fili babu kowa. Loida ta sake fita ta bar masa jirgin, ya sake yin abin da ya yi. Da ya gaji ya zo ya zauna a bencina, ya ce in ba shi kofi. Ya san na gani, na san ya san na gani.

"Kunnena ne, Saling," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Duk rayuwata aikina ke nan, sauraron inji. In Inday tana gefe tana surutunta, ɗaga hanci, sauke hanci, ba na jin komai. Da ta fita sai in fara jin kowane ƙarfe. Wannan ya ce ƙas, wancan ya ce ƙis, sai in ce shi ke nan, yanzu zai mutu ina sama. A teku, ko ruwa ya kai mana gwiwa, in na waiwaya akwai mutum. A nan in na waiwaya sai kujera."

"To ka gaya wa Manang Pening mana."

"Bari in tashi tukuna. In na tashi sau ɗaya, shi ke nan, maganar ta zama gaskiya."

Na ji tausayinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Na ma ƙara masa kofi.

Haka aka shiga shekaru. Duk Asabar zai zo da sassafe ya wanke jirgi, ya duba mai, su tashi da Loida su zagaya ta kan gari har gindin dutsen Kanlaon su dawo. Lokaci-lokaci, ranar da babu ido, ta fita ta bar shi, ya yi gudunsa ya taka birki. Gari kuwa Kyaftin suke ce masa. Ranar bikin waliyyin gari jirginsa ne ke bin kan jerin gwano yana zubo furanni, mata na ɗaga hannu, yara na bin sa da gudu. Mutanen fili sun daɗe da ganewa, don mai lasisi ba ya biyan malami duk mako, amma kowa ya ja bakinsa.

Manang Pening ta yi ta tambaya da farko. Yau ya ce akwai iska. Gobe ya ce inji na tari. Jibi ya ce takardun ɗaukar fasinja ba su fito daga Manila ba. Sau da yawa takan zo da abincinsa a jere a kwano, ta zauna a bencina ta ga tashinsu ta ga saukarsu. Wata rana ta zo da ɗankwali ɗaure tsam a kanta, wai kada iska ta watsa mata gashi, don ya ce mata wataƙila yau. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce wata waya ba ta yi masa ba, sai sun gwada da Inday tukuna. Ta kwance ɗankwalin ta ninke ta sa a jaka. Daga ranar ta daina tambaya, can kuma ta daina zuwa, sai dai ta aiko da abincin.

Gari ba makafi ba ne. Jirgi mai kujera biyu, duk Asabar kai biyu ake hangowa a ciki, na tsoho da na budurwa, matar da sunanta ke jiki kuwa ko sau ɗaya ba a ɗauke ta ba. Mutum ya riga ya zama kyaftin, an yi masa wanka a gaban fada, to darasin me ake yi kuma? Magana ta fara daga wurin masu kifi, ta bi ta shagon aski, ta shiga har ƙungiyar mata masu addu'a. Ranar Lahadi, in an fito daga coci, abokansa na teku sukan cika bencina, nan suke tasa shi a gaba.

"Kyaftin, wannan karatu naka ba ya ƙarewa ne? Ko likita ai yana gamawa."

"Ku ƙyale shi, malamar ce ta iya koyarwa."

"Ni ma a sa sunana. Nawa ne kuɗin makarantar, tsoho?"

Ina tsaye ina zuba miya, ina jiran ya buga tebur ya ce kada wanda ya ƙara taɓa sunan yarinyar nan. Sai na ga ya sunkuyar da kai, ya shafa gashin baki, ya yi wani ɗan murmushi. Wannan murmushin ne na kasa yafe masa. Kunya ta rufe ni har na zuba wa wani miya a hannu. Da suka watse na tare shi.

"Manong, ka ji abin da suke nufi kuwa?"

"Wasa ne irin na maza."

"Wasa? Yarinyar nan ta rufa maka asiri, kai kuma kana zaune ana yaga nata kana murmushi. Daɗi ma abin yake maka, ko? Gara a ce tsoho ya yi budurwa da a ce tsoho matsoraci ne."

Ya yi ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki.

"Saura kaɗan, Saling. Makon jiya sai da na kusa."

"Tun yaushe kake kusa? Kanka ya gama fari kana kusa."

Ya ajiye kuɗin kofi ya tashi. Ni ba ni da haƙurin Pening, na bi bayansa da tsaki, amma iyakar abin da na yi ke nan. Asirin ba nawa ba ne.

Loida tana da saurayi, Efren, malamin makaranta, yaron kirki sai dai ba ya ƙetare maganar uwarsa. Aka sa ranar da iyayensa za su zo gidansu neman aure. Uwar Loida ta yi girki tun asuba, aka aro kujeru, dangi suka taru. Har rana ta faɗi babu wanda ya zo. Sai aike aka yi wai uwar Efren ba ta da lafiya, alhali da safen nan an gan ta a kasuwa tana cinikin kaguwa. Abin da ta faɗa wa mai kaguwar kuwa, kafin dare ya zagaye gari: ita ba za ta kai ɗanta gidan da wani tsoho ya riga shi ba.

Washegari Lahadi ce. Loida ta zo ta zauna a lungun bencina, na ajiye mata miya ba ta taɓa ba. Abokan teku sun cika ɗaya bencin kamar kullum, sai dai yau muryarsu ƙasa-ƙasa. Manong Santoy yana can gefen rumfa yana wanke jirgin da ya riga ya wanke jiya, ya ƙi matsowa. Sai ga babur ɗin haya ya tsaya, Manang Pening ta sauko da jakarta da lemarta. Shuɗiyar rigar nan ce a jikinta, ta yi mata yawa yanzu. Ta gaishe ni, ta gaida mazan, ta wuce kai tsaye ta zauna kusa da Loida.

"Inday," ta ce a hankali, amma wurin ya yi tsit har kowa na ji, "ba faɗa na zo yi ba. Na jira mutumin nan shekara da shekaru yana teku, ban taɓa tambayarsa abin da yake yi a tashoshin duniya ba. Wannan ma da ba zan yi magana ba. Amma na ji abin da ya faru a gidanku jiya, uwarki kuma benci ɗaya muke zama da ita a coci da can." Ta kama hannun yarinyar. "Ke yarinya ce, kina da sauran rayuwa a gaba. Ki bar min tsohon nan. Ba don ni ba, ni na saba. Don kanki."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni ce farkon shiga. Mace mai jikoki, a gaban ƙartin maza, tana roƙon sa'ar 'yarta abin da ba a taɓa ɗauka ba. Loida ta fashe da kuka. Duk da haka ba ta tona shi ba.

"Manang," ta ce, "ki tambaye shi."

Ashe ya matso. Yana tsaye a bakin rumfata da soso a hannu, kumfa na ɗiga a takalminsa.

"Pening," ya ce. Ya sake kiran sunan. "Pening, ban taɓa tashi ba."

Ta juyo ta dube shi.

"Ranar da kuka watsa min ruwa, jirgin bai bar ƙasa ba. Gudu na yi ta yi a titi ina taka birki. Saling ta gani. Har yau ban taɓa tashi ni kaɗai ba, ko sau ɗaya. Ba ni da lasisi. Yarinyar nan tana hawa da ni ne saboda in babu ita tsoro nake ji. Kujera biyu ce, Pening. In na ɗauke ki babu inda za ta zauna."

Ɗaya daga cikin abokan ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Duk idanu suka dawo kaina. Na gyaɗa kai, na ci gaba da goge teburin da ba shi da datti.

"Tsoro," in ji Manang Pening.

"Tsoro."

"Shi ke nan? Babu wani abu?"

"Babu."

Ta daɗe tana kallonsa. Na zaci sauƙi zan gani a fuskarta, amma ba shi na gani ba.

"Kana gani na koma bencin baya a coci," ta ce. "Kana gani na daina zuwa kasuwa sai rana ta take, lokacin da mata suka watse. Kana kwance a gefena kana ji ba barci nake yi ba. Duk ka gani, Santoy. Ka bar ni da wannan, ka bar 'yar mutane da wannan, don kada a ce kana jin tsoro?"

Ta ɗora da cewa:

"Ni da ƙadangare ke sa ni hawa kujera, ni ce zan yi maka dariya?"

Ta miƙe, ta gyara rigarta, ta miƙa masa jaka da lema. "Riƙe min." Ya saki soson ya karɓa da jiƙaƙƙen hannu. Ta juya wurin Loida.

"Share hawayenki, Inday. Akwai mai a jirgin? Sunana ne a jiki, ina so in ga inda yake ta yawo da shi."

Loida ta dubi mai jirgi, ya gyaɗa kai. Ta zagaya jirgin ta duba abin da ake dubawa, ta taimaka wa Manang Pening ta hau, ta ɗaura mata ɗamara a kujerar da Manong Santoy ke zama. Suka tafi ƙarshen titi, suka juyo, suka tashi ba tare da wata gardama ba. Yana tsaye a tsakiyar rana, ya rungume jakar mata a ƙirji, ko lemar bai buɗe ba. Abokansa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wasu ko miyarsu ba su ƙarasa ba. Na ce ya shigo inuwa, bai ji ni ba. Kansa a karkace yake, yana sauraron injin har ƙarar ta ɓace ta wajen coci.

Da suka sauka ya matsa zai ba ta hannu, ta dafa kafaɗar Loida ta sauko. Gashinta duk ya watse, don ba ta zo da ɗankwali ba. Ta karɓi jakarta da lemarta.

"Rufin gidanmu ya yi tsatsa," ta ce. "Ta wajen ɗakinmu har ya fara hujewa. Duk mako kana wucewa ta kansa, ba ka taɓa faɗa min ba."

Ta tsayar da babur ta tafi ita kaɗai.

Da yammacin ranar Manong Santoy ya je gidan su Efren. An ce ya ƙi shiga, a bakin ƙofa ya tsaya ya maimaita maganar da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. An yi auren bayan an gama saran rake, daga baya Loida ta samu kamfani a Cebu suka koma can. Ta gayyace shi bikin, ya zauna a baya, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo. Yaran gari sun ɗan yi yayin binsa suna kiran Kyaftin Birki, har suka gaji. Jirgin yana nan a rumfa, ɗalibai ke haya suna koyo da shi, shi kuma ya wanke ya duba inji, bai ƙara zama a ciki ba. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegarin Lahadin nan, da safe, na bi ta ƙofar gidansu zan je sayen ƙashin miya. Na ji bugun guduma daga sama. Na ɗaga kai, sai ga Manong Santoy a kan rufin bene, a durƙushe, yana ɓamɓare tsohon kwano. Daga ƙasa ma ana ganin a tsorace yake, ko ƙasa ya ƙi dubawa. Babu kafinta, babu kowa. Tsani na jingine da bango, Manang Pening kuma tana zaune a baranda da faranti a cinya tana tsince shinkafa, ko kallon sama ba ta yi.

"Manang," na ce, "ba za ki sa a riƙe masa tsanin ba? Tsoho ne fa."

"Ƙyale shi, Saling," ta ce. "Bari ya hau wani abu shi kaɗai ko sau ɗaya ne."

Na yi mata sallama. Sai da na juya zan tafi na lura da babban bokitin nan na ranar wankansa a gefen kujerarta, cike da ruwa har baki.